Yadda abin sha mai zafi yake hucewa, da abin da ke gaggauta hucewarsa

Tambaya: Idan na haɗa shayi ko gahawa da tafasasshen ruwa, kuma ba ni da lokacin zaman jira, wace hanya ce ta fi saurin huce shi? Wasu suna cewa a bar cokalin ƙarfe a ciki, wasu suna cewa a yi ta juyawa, wasu kuma sun ce a saka shi a firji. Sannan madara mai sanyi, tun da farko ya kamata a zuba ta ko sai daga baya?

Amsa: Ɗan'uwa, idan ba ka damu da ɗan tsinkewar ɗanɗano ba, babu abin da ya kai ƙanƙara sauri. Idan kuwa ba ka son a ƙara wa abin shan ruwa ko ɗigo, to ka faɗaɗa fuskarsa, ka kuma sa iska ta riƙa wucewa a kansa, ko dai ta hanyar sheƙa shi tsakanin kofuna biyu, ko ta zuba shi a mazubi mai faɗi a fifita. Cokalin da ake bari a ciki kusan ba ya tsinana komai, firji kuma bai kai yadda ake zato ba. Dalilan duk waɗannan suna cikin lissafi ne, kuma lissafin ba mai wuya ba ne, saboda haka zan bi shi daki-daki, yadda kai ma za ka iya auna duk wata dabara da aka kawo maka nan gaba.

Shayi da gahawa, ta fuskar zafi, ruwa ne kawai, domin abin da ya narke a cikinsu bai taka kara ya karya ba. Giram ɗaya na ruwa yana buƙatar jul 4.18 na makamashi kafin zafinsa ya hau da digiri ɗaya a ma'aunin Salsiyas, kuma sai ya saki wannan adadin kafin ya sauka da digiri ɗaya. Wannan adadi ne mai yawa ƙwarai, domin baƙin ƙarfe mai nauyi ɗaya da shi jul 0.45 kacal yake buƙata, kuma shi ya sa ruwa yake jinkirin ɗaukar zafi, yake kuma jinkirin sakinsa. Matsakaicin kofi yana ɗaukar kimanin giram 250, wato kowane digiri ɗaya da abin shan zai sauka yana nufin fitar jul 1,045. Idan kana son ka sauko da shi daga digiri 90 zuwa 60, dole ne jul 31,000 da 'yan kai su bar kofin ta wata hanya. A kan wannan adadi za a auna kowace dabara, a ga nawa take ɗauka a ciki, kuma cikin wane lokaci.

Na zaɓi digiri 60 ne da gangan. A shekarar 2016, Hukumar Binciken Cutar Kansa ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa, wadda reshe ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya shan abin da zafinsa ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa kansar bututun da ke kai abinci ciki. Zafin aka tuhuma a can, ba shayin ko gahawar ba. Don haka duk mai son huce abin sha, ƙasa da 65 ya kamata ya nufa.

Faɗuwa ta farko, wadda mutane da yawa ba sa lura da ita, kofin da kansa ne yake jawo ta. Kofin tangaran mai kauri yakan kai giram 300, kuma yana shanye kimanin jul 250 a kowane digiri da ya ɗumama. Idan ka zuba ruwa mai digiri 95 a irin wannan kofi alhali yana da sanyin ɗaki na digiri 25, kafin su daidaita da juna ruwan zai sauko wajen digiri 82, ko da babu zafin da ya fita zuwa iska. Digiri 13 ke nan cikin minti ɗaya ko biyu, ba tare da ka yi komai ba. Kofin takarda ko na roba mai siririn jiki ba shi da nauyin da zai yi wannan aiki, shi ya sa abin sha yake zama da zafinsa na asali a cikinsa. Idan kuma ka juye abin shan daga kofin farko zuwa wani kofin tangaran mai sanyi, lissafi ɗaya zai maimaitu, ya sauko daga 82 zuwa wajen 71.

Bayan kofin ya ɗumama, sai zafin ya fara neman hanyar fita zuwa ɗaki, kuma hanyoyin ba su kai juna girma ba. Akwai zafin da ke ratsa jikin kofin ya kai ga teburi, amma wannan kaɗan ne, saboda gindin kofi zobe ne siriri, katako kuma ba ya jan zafi sosai. Akwai wanda ke ratsa bangon kofin ya tarar da iskar da ke waje, iskar ta ɗumama, ta yi sauƙi, ta hau sama, wata mai sanyi ta maye gurbinta. Dokar ratsawar zafi, wadda Bafaranshe Joseph Fourier ya tsara ya kuma wallafa a 1822, ta nuna cewa kowane abu yana da ma'aunin yadda yake barin zafi ya wuce ta cikinsa. A wannan ma'auni jan ƙarfe yana wajen 400, alminiyon ya haura 200, ƙarfen da ba ya tsatsa yana wajen 15, gilashi da tangaran suna kusa da 1, ruwa 0.6, iska kuwa 0.026 kacal. Wanda ya duba waɗannan alƙaluma zai ɗauka kofin ƙarfe zai huce abin sha ninkin-ba-ninkin a kan na tangaran, amma ba haka abin yake ba. Cikas ɗin ba a bangon kofin yake ba, a iskar da ke manne da bangon daga waje yake, kuma wannan iska ɗaya ce ko kofin na ƙarfe ne ko na tangaran. Kofin ƙarfe ya fi ƙona hannu ne domin yana miƙa zafi ga fata da sauri, amma ba ya iya tilasta wa iska ta karɓi fiye da abin da za ta iya ɗauka.

Akwai kuma huci, wato zafin da ke tashi daga jikin abu a matsayin haske da ido ba ya gani, wanda ba ya buƙatar iska ko taɓawa kafin ya isa ga bango ko fuskar mutum. Josef Stefan ya gano dokarsa a birnin Biyana a 1879, ɗalibinsa Ludwig Boltzmann kuma ya kafa ta da hujjar lissafi a 1884. Dokar ta ce hucin yana ƙaruwa ne daidai da zafin abu a ma'aunin Kelbin idan an ninka shi da kansa sau huɗu, kuma ana samun Kelbin ne ta ƙara 273 a kan digirin Salsiyas. Abu mai digiri 80 a ɗaki mai digiri 25 yana iya rasa har wat 430 a kowace murabba'in mita ta wannan hanya, kuma wat ɗaya shi ne fitar jul ɗaya a kowane sakan. Gefe da saman kofi idan an haɗa ba su wuce murabba'in santimita 280 ba, don haka abin da ke fita ta huci ya kai wajen wat 10, kusan daidai da abin da iska take ɗauka. Launin kofin, ko fari ko baƙi, ba shi da wani tasiri na a zo a gani, domin a irin hasken da ake magana a kai farin tangaran da baƙinsa duk suna fitar da kimanin kashi 90 cikin 100 na iyakar abin da zai yiwu. Ƙarfe mai sheƙi ne ya fita daban, domin shi ƙasa da kashi 10 yake fitarwa, kuma wannan ne ya sa kofin ƙarfe gogagge yakan iya riƙe zafi fiye da yadda mai shi yake tsammani.

Babbar hanyar kuwa ita ce tururi, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a fahimta da kyau. A farkon shekarun 1760, Joseph Black na Jami'ar Gilasgo da ke Sikotilan ya lura cewa ruwan da ke tafasa yana ci gaba da shan zafin wuta ba tare da ma'aunin zafinsa ya ƙaru ba, haka ita ma ƙanƙara yayin da take narkewa. Zafin yana tafiya ne wajen raba ƙananan ƙwayoyin ruwan da junansu. Kafin giram ɗaya na ruwa ya zama tururi, sai ya ɗauki jul 2,260 idan yana tafasa, ko wajen 2,300 idan yana digiri 80. Ka kwatanta wannan da jul 4.18 na digiri ɗaya, ka ga ninki ne fiye da 500. A cikin kofi babu wutar da za ta biya wannan makamashi, saboda haka daga jikin ruwan da ya rage ake cirarsa: ƙwayoyin da suka fi sauran ƙarfin motsi su ne suke kuɓucewa daga saman ruwan, su bar masu sanyin motsi a baya. Giram ɗaya tak idan ya tashi daga kofinka, sauran zai sauka da fiye da digiri 2. Idan kashi 1 cikin 100 na abin shan ya ƙafe, zafin zai ragu da digiri 5 da rabi. Jul 31,000 ɗin nan gaba ɗaya, tururin giram 14 zai iya kwashe su, wato ruwan da bai cika babban cokali ɗaya ba.

Saurin tashin tururi ya dogara ne a kan abin da ake kira matsin tururi, wato ƙarfin da ƙwayoyin ruwa suke yunƙurin tashi da shi zuwa iska, wanda ake aunawa da kilofaskal, kuma shi ba ya hawa a hankali da zafi, tsalle yake yi. A digiri 25 kilofaskal 3 ne da ɗan ɗori, a digiri 60 ya kai 20, a digiri 80 ya kai 47, a digiri 90 ya kai 70, a digiri 100 kuma ya kai 101, inda ya yi daidai da nauyin iska a gaɓar teku har ruwa ya tafasa. Daga waɗannan alƙaluma za ka ga dalilin da ya sa laimar iska ba ta da wani muhimmanci ga abin sha mai zafi sosai. Ko da iskar ɗakin ta cika maƙil da laima, matsin tururinta bai wuce 3 ko 4 ba, kuma wannan ba ya iya tare 47. Laima tana fara tasiri ne sai abin shan ya kusa sanyin ɗaki, lokacin da ka riga ka shanye shi. Farin hayaƙin da ake gani a saman kofi ma ba shi ne ainihin tururin ba, domin tururi ba ya ganuwa. Abin da ido ke gani ɗigo-ɗigon ruwa ne da suka sake haɗuwa bayan tururin ya ci karo da iska mai sanyi.

Idan aka yi lissafin kofi buɗaɗɗe mai digiri 80, zafin da tururi yake ɗauka daga saman abin shan ya ninka wanda iska zalla take ɗauka daga wannan fuska fiye da sau goma. Sakamakon haka, bakin kofin, wanda bai kai kashi ɗaya cikin biyar na faɗin jikinsa ba, shi ne yake fitar da rabin zafin ko fiye. Jimillar abin da ke fita ta dukkan hanyoyin yakan kama tsakanin wat 40 da 50, wato saukar kimanin digiri 2 a minti ɗaya a farkon al'amari.

Wannan sauri ba ya ɗorewa. Isaac Newton ya wallafa a Landan a 1701 cewa saurin hucewar abu yana tafiya ne daidai da tazarar da ke tsakanin zafinsa da na abin da ke kewaye da shi. Abin sha mai digiri 90 a ɗaki mai digiri 25 yana da tazarar 65, amma idan ya sauko 60 tazarar ta koma 35, don haka saurin ya ragu kusan da rabi. A zahiri ragin ya fi haka, domin dokar Newton ba ta lissafa tururi ba, kuma tsakanin digiri 90 da 60 matsin tururi ya faɗo daga 70 zuwa 20. Saboda haka digiri goman farko suna tafiya da kansu cikin 'yan mintoci, na ƙarshen ne suke cin lokaci, kuma wannan batu zai dawo idan muka zo kan madara.

Yanzu ga dalilin da ya sa hurawa da fifita suke aiki. A saman abin sha mai zafi akwai wani siririn shimfiɗin iska da ba ya motsi sosai, wanda ya ƙoshi da tururi, yana lulluɓe da ruwan kamar bargo. Duk ƙwayar ruwan da ta tashi sai ta ratsa wannan shimfiɗi kafin ta tsira, kuma da yawa suna komawa cikin kofin. Idan iska ta kaɗa ta share shi, sai busasshiyar iska ta sauka kai tsaye a kan ruwan, tururi ya tashi da ƙarfi. Wasu suna cewa numfashin mutum yana da ɗumi da laima, don haka ba zai huce komai ba. Gaskiya ne yana fita da kimanin digiri 35 ɗauke da laima, amma matsin tururinsa bai wuce 5 zuwa 6 ba, kuma a gaban 47 tamkar busasshe ne. Matsalar hurawa da baki ita ce ba ta ɗorewa, mutum yakan gaji bayan 'yan sakan, sannan ba tsabta ba ce idan wani ne zai sha. Mafici ko fanka suna yin aikin ba tare da yankewa ba, kuma su na fi ba da shawara.

Faɗin fuska kuwa lissafinsa a fili yake. Kofi mai faɗin baki santimita 8 yana da fuskar murabba'in santimita 50, kwano mai faɗin santimita 16 kuma yana da 200, wato ninki huɗu, domin idan faɗi ya ninka biyu fuska takan ninka huɗu. Ga kuma sanyin jikin kwanon da zai shanye nasa kason. Sheƙa abin sha daga kofi zuwa kofi, musamman idan an ɗaga hannu, ya tara amfanoni da yawa a aiki ɗaya: ruwan yana zama siririn zare mai faɗin fuska, yana keta iska da gudu yadda shimfiɗin tururin nan ba ya samun zama, yana gauraya da kansa, sannan yana taɓa bangon kofi biyu maimakon ɗaya. A cikin hanyoyin da ba sa buƙatar a ƙara komai a abin shan, kuma ba sa buƙatar wani kayan aiki, ban san wadda ta fi ta ba. Haɗarinta ɗaya shi ne fantsama, kuma ruwa mai digiri 80 yana ƙona fata nan take.

Cokali ne ya fi kowace dabara samun yabon da bai cancanta ba. Ƙaramin cokalin ƙarfe yakan kai giram 25, kuma ƙarfen yana ɗaukar rabin jul a kowane giram da kowane digiri. Idan ya ɗumama daga 25 zuwa 85, jul 750 ya shanye, wato bai kai digiri ɗaya ba a kofinka. Masu kare shi suna cewa mariƙin yana fitar da zafi zuwa iska, amma hujjar da ke rushe wannan tana hannunka: kana iya riƙe mariƙin cokalin da ba ya tsatsa ba tare da ka ƙone ba, alamar zafin bai ko kai can ba. Cokalin azurfa, wanda ya fi kowane ƙarfe jan zafi, mariƙinsa zai yi zafi da gaske, amma faɗinsa bai wuce murabba'in santimita 15 ba, kuma ko da duka ya kai zafin abin shan, abin da zai miƙa wa iska wajen rabin wat ne, a gaban wat 40 zuwa 50 da kofin yake fitarwa da kansa. Sukari ma haka yake, cokali ɗaya bai saukar da zafi da rabin digiri ba.

Juyawa ta fi barin cokalin a tsaye, amma ita ma a shayi ko gahawa marasa kauri amfaninta matsakaici ne, saboda abin shan yana juya kansa da kansa: ruwan da ya huce a sama yana ƙara nauyi ya nutse, mai zafi ya taso. Inda juyawa take zama dole shi ne abin sha mai kauri, domin kaurin yana hana wannan kewayawa, sai saman ya huce ya bar cikin da zafinsa, mai sha ya ruɗu da kurɓar farko ya ƙone a ta biyu.

Ƙanƙara tana cin moriyar abin da Black ya gano ta ɗaya ɓangaren. Kafin giram ɗaya ya narke sai ya shanye jul 334, adadin da zai iya ɗaga giram ɗaya na ruwa daga sifili zuwa digiri 80, sannan ruwan da ya narke ya ci gaba da shan zafi har ya daidaita da sauran. Ƙanƙara giram 20 a kofi mai digiri 85 za ta sauko da shi zuwa wajen 73, alhali ruwan ɗaki mai nauyi ɗaya da ita zuwa 81 kawai zai kai shi. Ƙanƙara giram 40 kuwa za ta kai shi wajen 62, cikin minti ɗaya idan ana juyawa. Ke nan a kan tsinkewa iri ɗaya, ƙanƙara tana ba da kusan ninki uku na sanyin da ruwan ɗaki zai bayar. Wanda ya san zai yi amfani da ita sai ya rage ruwan haɗin tun farko, ya bar gurbin abin da zai narke, ɗanɗanon ya fito daidai.

Firji yana ba da kunya ne domin iska ce a cikinsa, kuma mun ga yadda iska take da rauni wajen ɗaukar zafi. Idan ka ɗauke kofi mai digiri 80 daga ɗaki mai digiri 25 ka kai shi firji mai digiri 4, tazarar ta tashi daga 55 zuwa 76 ne kawai, kuma wannan ƙari bai shafi tururi sosai ba, wanda shi ne rabin aikin. Za ka sami ɗan sauri, amma a madadinsa ka cika firjin da laima, ka ɗumama abin da ke kusa da kofin. Abin da ya fi firji nesa ba kusa ba shi ne a tsoma kofin cikin kwanon ruwan sanyi har kusa da bakinsa, domin ruwa yana kwashe zafi daga bango fiye da iska mai tsayuwa sau gommai. A nan ne kofin ƙarfe yake nuna fifikonsa, saboda da zarar an kawar da cikas ɗin iska, bangon kofin ne ya zama cikas, kuma siririn ƙarfe ya fi tangaran mai kauri barin zafi ya wuce. Idan ana juya abin shan a ciki ana kuma motsa ruwan waje, hucewar tana ƙara sauri. Sai dai a kiyayi gilashi na gama-gari, domin wajensa zai tsuke alhali cikinsa yana buɗe da zafi, ya tsage. Gilashin da aka yi don jure zafi, wanda ake haɗawa da sinadarin boron, buɗewarsa kimanin kashi ɗaya cikin uku ce ta na gama-gari, shi ya sa yake jurewa.

Duk abin da ya rufe fuskar abin sha yana toshe babbar hanyar nan. Murfi shi ne na farko, domin tururin yana komawa ruwa a ƙarƙashinsa ya mayar da yawancin zafin, don haka mai gaggawa ya cire murfi kafin komai. Kumfa, da maiƙon da ke yawo a sama, da yanar da ke kwanciya a kan dafaffiyar madara, duk suna yin irin wannan aiki, kuma suna da wata illa ta daban, wato suna rage hayaƙin da ido yake dogara da shi wajen gane zafi, sai abin sha ya yi kamar ya huce alhali bai huce ba. Filas, wanda James Dewar ya ƙirƙira a Landan a 1892 don ajiye iskar da aka mayar ruwa, an gina shi ne a kan toshe dukkan hanyoyin a lokaci guda: an zuƙe iskar da ke tsakanin bangayensa biyu, an shafa musu sheƙi don mayar da huci, an kuma toshe bakinsa. Abin sha ba ya hucewa a cikinsa cikin lokacin da mai jira zai iya haƙuri, sai an tsiyaye shi waje.

Game da madara, idan burinka shi ne abin shan ya fi sanyi a lokacin da za ka sha, to ka jira tukuna, ka zuba ta a ƙarshe. Madara giram 30 daga firji tana saukar da kofi mai digiri 85 zuwa wajen 77 nan take. Idan ka yi haka tun farko, ka rage tazarar da ke tsakanin abin shan da ɗaki, ka rage matsin tururi, ka ƙara yawan abin da za a huce, ka kuma shimfiɗa ɗan maiƙo a sama, wato ka rage wa kofin saurin da yake da shi kyauta a mintocin farko. Idan kuwa ka bar shi ya zubar da zafinsa da ƙarfi na minti biyar sannan ka zuba madarar, ka ci moriyar abu biyun. Bambancin dai ba shi da yawa, digiri ɗaya ne zuwa biyu a irin wannan kofi, kuma yana ƙara ƙanƙancewa idan madarar ba daga firji take ba, sanyin ɗaki ne da ita. Wanda yake son akasin haka, wato ya tarar da abin shansa da sauran zafi bayan ya dawo daga wani uzuri, shi ne ya kamata ya zuba madarar tun farko. Ƙa'idar ɗaya ce ga ƙanƙara da ruwan sanyi: idan kana da minti biyu ko uku kafin ka sha, ka fara da sheƙawa ko fifita tun abin shan yana kan ganiyar zafinsa, ka ajiye abin sanyin don digirorin ƙarshe, waɗanda su ne suka fi wuyar fita da kansu.